Damina ta ɗauke, ruwa ya shigo gida: daga ina ya fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Kusiri, a arewacin Kamaru. A 2022 ruwan sama ya riga ya ɗauke, a rediyo ma an ce damina ta zo ƙarshe, sai ga ruwa ya cinye unguwarmu a watan Oktoba, buhunan dawa suka jiƙe a sito. Ba hadari, ba yayyafi. To masu meteyo ɗin nan, wato ma'aikatan hasashen yanayi, me suke aunawa? Kuma ta yaya mutum zai san abin na tafe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Waɗanda suka ce damina ta ƙare ba su yi ƙarya ba, daminar Kusiri suke nufi. Ruwan da ya shiga sitonka kuwa na wani yanki mai nisa ne, ya yi makonni yana tafiya kafin ya iso ka.

Ambaliya iri biyu ce a wajenku. Ta watan Agusta ruwan sama ne da ya sauka a kanku ya rasa hanyar fita, don ƙasar laka ce, shimfiɗaɗɗiya, ba gangare. Wannan kowa ya san ta. Ta biyun ita ce ta kogi, kuma ita ta same ka.

Kusiri da Injamena suna zaune ne daidai inda kogin Logon ya haɗu da kogin Shari. Logon daga tsaunukan Adamawa yake tasowa, wajen Ngaundere, inda ruwan shekara kan kai milimita 1,500, alhali ku naku bai cika wuce 600 ba. Ya bi ta Mundu, da Lai, da Bongor daura da Yagwa. Shari kuma daga Afirka ta Tsakiya yake kwaso nasa, ya ratso ta Sar. A hanya ruwan ba gudu yake yi ba. Yana malala cikin fadamun da ake kira yayre, ya cika su, ya huta, sannan ya ci gaba. Shi ya sa kogin bai cika kai maƙurarsa a gabanku ba sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da hankalin kowa ya koma kan girbi. A 2022 gwamnatin Chadi sai ranar 19 ga Oktoba ta kafa dokar ta-ɓaci kan ambaliya, kuma tsayin Shari a Injamena ya haura mita 8. A 2024 ya sake haurawa.

Abin da ake aunawa ma iri biyu ne, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Ruwan sama aikin hukumar yanayi ne: ANAM a Chadi, a Kamaru kuma sashen yanayi na ma'aikatar sufuri. Kayan aikin ba wani abin mamaki ba ne. Mazurari ne a kan bokiti, a fili, nesa da bishiya da indararo. Da safe ma'aikaci ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane-zane, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya rubuta. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta sifiri, don gurbin da aka bari fayau ba wanda zai san fari ne ko ma'aikacin ne ya tafi biki. Tsayin kogi kuwa ma'aikatan albarkatun ruwa ne ke karanta shi, a jikin wasu allunan ƙarfe masu lambobi da ake kafawa a gaɓa, ɗaya sama da ɗaya kamar matakala. Kai wannan lambar ce ta shafe ka. A ganina nan ne gyara ya fi kamata: gidajen rediyo su riƙa faɗin tsayin kogi a Bongor da Sar kullum daga Satumba, da Hausa da Larabci da Fulatanci, kamar yadda ake faɗin farashin kasuwa.

Tsoffin littattafan awo suna da wani labari da ba kowa ke son ji ba. Shekarun 1950 da 1960 masu ruwa ne, Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Sai farin 1973 da na 1984 suka zo, kogi ya ja da baya shekara da shekaru, garuruwa suka girma, aka yanka filaye a wuraren da kakanni ke kama kifi. Wanda ya sayi fili a lokacin bai ga ruwa ba, mai sayarwa ma wataƙila bai gani ba. Littafin ya gani. Saboda haka kafin ka gina sabon sito, tambayi dattawan ƙabilar Kotoko na unguwar inda ruwa yake tsayawa a zamanin ƙuruciyarsu.

Game da sanin abin da ke tafe: kafin kowace damina cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana tara masana na ƙasashen Sahel su fitar da hasashe, kuma a ciki har da yadda ake sa ran kogunan yankin Tafkin Chadi za su cika. Hasashe ne na yiwuwa, ba ya faɗin rana ko unguwa. In ya ce za su wuce yadda aka saba, ka ɗauka shekarar ta shiri ce. Daga tsakiyar Satumba ka riƙa kiran abokan cinikinka na Yagwa da Bongor, ka tambaye su ko kogi na hawa ko ya tsaya, don abin da ya wuce ta gabansu gare ka ya nufo. Ka kafa sanda a gaɓar da ta fi kusa da kai, ka sa yaro ya riƙa yi mata zane kowace safiya. In tazarar zanen na ƙaruwa kwana uku a jere, kada ka jira ganin ruwa a bakin ƙofa, don sau da yawa ta ƙasa yake fara tsattsafowa, daɓe ya yi sanyi, gindin katanga ya yi duhu. A lokacin nan ya kamata buhunan su riga sun hau katako ko sun koma tudu.