Wa ke sa ido kan ofishin tsofaffi a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, mahaifiyata tana wurina, shekarunta 74, ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ofishin kula da tsofaffi na yankinmu ya sa ana kawo mata abincin rana, amma sau da yawa da naman da ba mu san yankansa ba, sai ta ci burodin ta ture sauran. Sau biyu ina yi wa mai kawo abincin magana, ya ce ba shi da ta cewa. Mai taya ta wanka kuma an ce mu jira layi, yau wata biyar. Maigidana ya ce in bar zancen tunda kyauta ake ba mu. Shin akwai na sama da wannan ofishi, ko gaban kansa yake ci?
Ƙanwarki daga Ohio

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Mama lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi.

Ki gaishe min da maigida, amma a nan ban bi bayansa ba. Abincin nan ba sadaka ba ce. Kuɗin haraji ne, har da wanda ake cira a albashinku, kuma doka ce ta tanade shi: Dokar Tsofaffin Amurka, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965. A gyaran 1973 aka kafa ofisoshin yankuna irin naku, waɗanda ake kira Area Agency on Aging. Sun haura 600 a faɗin ƙasar, 12 daga ciki a Ohio. Duk wanda ya kai shekara 60 yana cikin waɗanda dokar take nufi. Ana iya roƙonsa ya ba da gudummawa, amma ba a hana shi abinci don bai bayar ba.

Ofishin yana da na sama da shi. Kuɗin na fitowa daga gwamnatin tarayya ta ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, ya sauka a hukumar tsofaffi ta jiha, ita kuma ta raba wa yankuna. Jihar ce ta naɗa ofishinku, ita ke amincewa da tsarin aikinsa, ita ke bin diddigin yadda ya kashe kuɗi, kuma tana da ikon ƙwace naɗin bayan ta saurari bahasinsa. Shi kuma ofishin galibi ba ya dafa abinci da kansa, kwangila yake bayarwa. To kin ga mai kawo abincin gaskiya ya faɗa miki. Ɗan aike ne kawai.

Ga abin da za ki yi. Doka ta wajabta wa kowane ofishin yanki ya tanadi hanyar shigar da ƙorafi ga tsohon da aka hana shi hidima ko bai gamsu da ita ba. Ki nemi su ba ki wannan tsari a rubuce, ki rubuta naki ƙorafin da kwanan wata, ki ajiye kwafi. Ki ambaci cewa gyaran dokar na 2020 ya ce a daidaita abinci da al'adar masu ci gwargwadon iko. Ki lura da "gwargwadon iko" ɗin nan, don ba zan yi miki alkawarin za su fara kawo naman halal gobe ba. Amma dole su ba ki amsa, kuma idan amsar ba ta yi miki ba, ki kai takardar hukumar tsofaffi ta jiha.

Maganar layi kuwa, sau da yawa ba mugunta ba ce, kuɗin ne ba ya isar kowa. Dokar ta ce a fifita masu tsananin buƙata, ta kuma ambaci tsofaffin da Turanci bai zauna a bakinsu ba. Ki tambaye su ko sun rubuta wannan a fayil ɗin Mama, kuma idan jikinta ya ƙara rauni cikin watannin nan biyar, ki nemi a sake zuwa a duba ta. Ki kuma tambayi shirin tallafa wa masu jinyar iyayensu da aka kafa a 2000, wannan naki ne ke kanki.

Yanzu bari in faɗi abin da ya fi damuna, don ya wuce gidanku. Kowane ofishin yanki yana rubuta tsarin aiki na 'yan shekaru, inda yake fayyace wa za a yi wa hidima da kuma nawa za a kashe. Ana neman ra'ayin jama'a a kansa kafin ya tafi jiha. Akwai kuma majalisar ba da shawara wadda fiye da rabin 'ya'yanta dole su zama tsofaffi, kuma da kujerar masu jinyar iyaye. A nan ake jin kukan unguwanni kafin a rubuta sharuɗɗan kwangilar abinci. Na taɓa halartar irin wannan zama lokacin da nake riƙe da surukata. Mu kusan talatin ne a ɗakin, wata tsohuwa ta tashi da sandarta ta yi magana kan motar kai su asibiti har aka rubuta. Na waiga ban ga mai mayafi ko ɗaya ba sai ni, alhali masallacinmu cike yake da tsofaffi ranar Juma'a. Abin ya tsaya min a rai. Kawaici ado ne a gidajenmu, amma a can idan ba a ji muryarki ba, a takarda za a rubuta cewa yankin babu mai buƙatar abincin halal. Mai dafa abinci ba zai sauya tukunya don mutum ɗaya ba, amma idan gida ashirin suka sa hannu a takarda guda, lissafin ya canja.

Saboda haka ki kira ofishin ki tambayi ranar zaman majalisar na gaba da yadda ake shiga cikinta. Ki yi wa limaminku magana ya sanar, ki tafi da mata biyu ko uku masu riƙe da iyaye. Idan Mama za ta iya zama a keken guragu na awa ɗaya, ki tafi da ita, ki yi mata tafinta.

Kafin nan, tun gobe ki nemi a mayar da ita kan abincin kifi ko wanda babu nama a ciki, idan masu kwangilar suna da shi. Bai kamata ta ci gaba da wuni da burodi ba alhali tana shan magani.