Na miƙa ma Windows kart grafik cikin VM, Code 43 ya ƙi tahiya

Tambaya:

Assalamu alaikum malam, ina gajiya. Ni ɗan Tawa ne, ina da ƙaramin atelye inda nike montaj ɗin bidiyon biki da suna. Na haɗa mashin da Ryzen 5 3600 da kart mer B450 na sa Proxmox 7.4, wato Linux ɗin nan mai tada mashin na ƙarya (VM) cikin mashin na gaske, don ina son Windows 10 na montaj ya zauna gehe guda, ajiyar fayilolin mutane kuma gehe guda. Kart grafik ɗina GTX 1060 ne mai giga 6, okaziyo na sawo shi Yamai. Na miƙa ma Windows kart ɗin kuma ya gan shi, amma ina sa direba, wato furogiram ɗin da ke tuƙa kart ɗin, sai alama mai rawaya da Code 43, ekran kuma baƙi ƙirin. Na bi abin da anka ce a ɓoye ma NVIDIA cewa VM ne, ba abin da ya canza. Wani abokina ya ce in maida shi in ɗauko RX 580. Don Allah mi za ni yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena, gajiya ta bi lahiya. Kar ka maida kart ɗin tukuna, kuma ka daina ƙara layuka cikin konfig ɗin VM don ka gansu a intanet, don ina jin rabin abin da ka zuba maganin ciwon da ya wuce ne. Code 43 ba ya gaya maka mi ya lalace, abin da yake cewa kawai shi ne direba ya je tada kart ya tarar da abin da bai yi mishi ba sai ya janye hannu. Da can, tun wajen 2014, NVIDIA da kanta ta sa direban GeForce in ya gane yana cikin VM ya ƙi aiki, shi ya sa mutane sunka koyi dabarar ɓoye KVM, wato ɓangaren Linux da ke tada VM, da canza vendor_id. Amma tun watan Maris na 2021 da direba 465.89 ya hito kamfanin ya buɗe ƙofa, Windows cikin VM bisa Linux ya halatta. To in direbanka ya hi wannan sabunta, ɓoyon nan ba shi ne matsalarka ba.

Kafin mu taɓa Proxmox ma akwai abu guda da nike so ka yi, tunda okaziyo ne. Ka samu wani diski ko da tsoho ne ka sa mishi Windows kai tsaye ba VM ba, ko ka kai kart ɗin mashin wani abokinka, ka sa direba ka buɗe GPU-Z, ƙaramin furogiram mai nuna bayanan kart grafik. 1060 mai giga 6 na gaske yawanci cip ɗinshi GP106 ne kuma yana da shaders 1280. Akwai na jabu da yawa da sunka shigo kasuwannin okaziyo, tsohon GTS 450 ne mai 192 anka sake mishi BIOS yana kiran kanshi 1060 ko 1050 Ti, kuma irinsu sabon direba ba ya karɓarsu don NVIDIA ta bar wannan zuri'ar tun 2018. Ko da ido ma kana iya zargi, in ka ga ramin VGA ɗin nan mai shuɗi a bayan kart da anka ce maka 1060 ne to ka tsaya, don tun zuri'ar Pascal ta 2016 anka cire siginar analog. Ka duba kuma wayar wuta mai baki 6 ta shiga da kyau, kart ɗin yana jan wat 120, kuma da zafin Afrilu da Mayu na ƙasar nan ga ƙura ga alimantasiyo maras suna, kart mai lahiya ma sai ya riƙa yin kamar mai ciwo. In ya yi Code 43 a Windows na kai tsaye to magana ta ƙare, mai shago za ka koma ma wa. In ya yi aiki lahiya lau sai mu ci gaba.

Ga inda nike zargi sosai. Ryzen 5 3600 ba shi da grafik a cikinshi, ma'ana 1060 ɗin nan shi kaɗai ne kart cikin mashin ɗinka, da shi BIOS ke nuna tambarin farko, da shi Proxmox ke rubuta baƙin ekran ɗin nan mai adireshi. Kafin VM ta tashi Linux ya riga ya kama wani yanki na memorin kart ɗin yana zana rubutunshi a ciki, kuma kernel 5.15 da Proxmox 7.4 ke tahe da shi ba ya sakin wurin da kanshi. Kamar mai masauki ne ya ba baƙo ɗaki amma ya bar kayanshi bisa gado, Windows ya shiga ya ga ɗakin amma ba wurin kwanciya. Shi ya sa yake ganin sunan kart daidai a Gestionnaire de périphériques amma direba ya kasa. Ka shiga ta SSH ka tada VM ɗin sannan ka buga dmesg don ganin saƙonnin Linux, in ka ga layi yana maimaita kanshi yana cewa BAR 1: can't reserve to shi ne wannan, kuma ka yi hankali don saƙon kan zuba ba tsayawa har log ya cika diski. Ka buga kuma grep BOOTFB /proc/iomem, in ya hito da layi to har yanzu Linux na riƙe da wurin.

Maganin shi ne ka buɗe /etc/default/grub, cikin layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT bayan quiet ka ƙara iommu=pt initcall_blacklist=sysfb_init, ka buga update-grub ka sake tada mashin. Za ka ga ana cewa a sa video=efifb:off, wannan na tsoffin kernel ne, a 5.15 shi kaɗai ba ya isa. A nan mutane da yawa ke ɓata, in lokacin da ka sa Proxmox ka zaɓi ZFS kuma mashin na tashi da UEFI to ba GRUB ke tada shi ba, ko ka kwana kana gyara fayil ɗin can ba abin da zai shiga, wurinka /etc/kernel/cmdline ne sannan proxmox-boot-tool refresh. Don haka bayan ka sake tadawa kullum ka buga cat /proc/cmdline ka gani da idonka abin da ka rubuta ya shiga ko bai shiga ba. Amma don Allah kafin ka yi wannan ka tabbata IP ɗin mashin tsayayye ne kuma kana iya shiga daga waya ko portabul ta SSH da ta burawza a port 8006, don daga ranar ekran ɗin Proxmox zai tsaya tun farkon tashi kamar ya maƙale, alhali lahiyarshi lau, kart ɗin ne ya saki.

Sai ka ga wa ke riƙe da kart ɗin. Buga lspci -nnk ka nemo NVIDIA, za ka ga abu biyu, hoto da sauti, a 1060 mai giga 6 lambobinsu 10de:1c03 da 10de:10f1. Ƙarƙashin kowanne akwai layin Kernel driver in use, abin da muke so a wurin vfio-pci ne duka biyun, wato direban da ke riƙe ma VM na'ura. In ka ga nouveau ko snd_hda_intel, direbobin Linux na hoto da sauti, to ka ƙirƙiri /etc/modprobe.d/vfio.conf ka rubuta options vfio-pci ids=10de:1c03,10de:10f1 ka kuma sa nouveau a blacklist, cikin /etc/modules ka tabbata akwai vfio da vfio_iommu_type1 da vfio_pci da vfio_virqfd, sannan update-initramfs -u -k all. Wannan na ƙarshen shi anka hi mantawa. Lambobin kuma ka ɗauko daga naka lspci, kar ka kwafi nawa ido rufe.

Batun IOMMU, wato abin da ke ba mashin damar miƙa ma VM na'ura kai tsaye, ba zan daɗe ba tunda VM ɗinka ta tashi da kart, ke nan SVM, wato damar tada VM ta furosesan AMD, da IOMMU a kunne suke cikin BIOS. Abu guda dai, da yawan ɗaukewar kuran da muke fama da ita, in pil ɗin kart mer CR2032 ya mutu BIOS na komawa yadda ya hito daga kamfani, sai ka wayi gari jiya komi na aiki yau VM ta ƙi tashi, ka duba can kafin ka zargi komi, kuma ondiler ko ƙarami ne ya kamata mashin mai ajiyar bikin mutane ya samu. Tunda kana cikin BIOS ɗin ka kashe CSM, wato tsohuwar hanyar tashi ta kafin UEFI. Kart ɗin kuma ya zauna ramin sama na kusa da furosesa, don a B450 ramukan ƙasa ta cipset suke bi, kuma sau da yawa rukuninsu na IOMMU guda ne da kart rezo da USB da SATA, ka miƙa guda sauran su bi shi Proxmox ya rasa rezo ko diski. Za a ce maka ka sa pcie_acs_override, yana raba rukunin a takarda amma katangar da ke tsakanin na'urorin ba ta ƙaru ba, ni ba na son shi a mashin da ke riƙe da kayan mutane in akwai wata hanya.

Yanzu VM ɗin kanta. Buɗe /etc/pve/qemu-server/ ka duba fayil mai lambar VM ɗinka, ina son ganin bios: ovmf da machine q35 da cpu: host, layin hostpci0 kuma ya zan adireshin kart ba tare da .0 na ƙarshe ba don hoto da sauti su tahi tare, da pcie=1 da x-vga=1. Duk wani dogon layin args da ka kwafo ka cire shi. In ka tarar Windows ɗinka da SeaBIOS, tsohon salon BIOS na VM, anka sa shi kar ka juya zuwa OVMF, wato UEFI na VM, haka kawai, ba zai tashi ba don diskin MBR ne, sai ka fara juya shi GPT da mbr2gpt da ke cikin Windows 10, ko in ba kaya da yawa ciki ka sake sawa sabo ya hi sauƙi.

In ka yi duk wannan saƙon BAR ya ɓace amma Code 43 na nan, to saura BIOS ɗin kart ɗin kanshi. Kart ɗin da mashin ya tashi da shi, kwafin BIOS ɗinshi da ke cikin memori an riga an yi aiki da shi an taɓa shi, VM in ta karanta wannan sai ta samu gurɓatacce. Shi ya sa na ce ka buɗe GPU-Z tun farko, a nan akwai ɗan maɓalli kusa da lambar BIOS da ke ajiye maka shi a fayil, ka ajiye a kile. Fayil ɗin NVIDIA na zuwa da wani kai a gaba da VM ba ta so, ka buɗe shi da editan hex ka nemo inda 55 AA ya fara, ɗan gaba kaɗan za ka ga kalmar VIDEO, ka goge duk abin da ke gabanin 55 AA ɗin ka ajiye. Ka kai shi /usr/share/kvm/ ka ƙara romfile= da sunan fayil ɗin a ƙarshen layin hostpci0. Wannan ba filashin ba ne, ba abin da ake rubutawa cikin kart, in bai yi ba ka cire layin kawai. Na kart ɗinka nike so ka ɗauka ba wanda ka sauke ba, don 1060 kamfanoni da yawa sunka ƙera shi kuma memorinsu ba guda ba ne.

Daga nan sai tsabtace Windows. Ka cire hostpci0 na ɗan lokaci ka shiga ta konsol, ka kunna Bureau à distance in Windows ɗin Pro ne, ka shiga mode sans échec ka wanke tsohon direba da furogiram ɗin cire direba mai suna DDU, ka sauke sabo ka ajiye, sannan ka maida kart. Ka yanke ma VM intanet lokacin sawa don kar Windows Update ya riga ka ya cusa nashi. Kuma ka sani da x-vga=1 konsol ɗin burawza ba zai ƙara nuna komi ba, haka abin yake, hoton yanzu ta HDMI ɗin kart yake hita, sai ka jona ekran can ka miƙa ma VM klabiye da maus ta USB. Wasu baƙin ekran ɗin da suke kuka da shi wannan ne kawai. In daga baya sauti ta HDMI na karkarwa, a kunna ma na'urar sautin saitin da ake kira MSI (Message Signaled Interrupts) cikin rajistar Windows, yawanci shi ke nan.

Shawarar abokinka kuwa ban goyi baya ba. RX 580 da ƴan uwanshi na Polaris, da Vega da RX 5700, suna da ciwon da anka sani, in ka kashe VM kart ɗin ba ya komawa daidai, tadawa ta biyu sai ya ƙi sai ka sake tada mashin gaba ɗaya, sai an sa wani modil mai suna vendor-reset kuma a kernel 5.15 sai ka ƙara gaya mishi reset_method ya zan device_specific. Ga shi da yawa cikin RX 580 na okaziyo sun yi aikin haƙar kirifto an canza musu BIOS, direban AMD kuma in ya ga BIOS da anka taɓa ƙin shi yake. Ga montaj ma NVENC ɗin 1060, wato ɓangarenshi mai matse bidiyo, zai yi maka aiki sosai. In za ka kashe kuɗi, gara ka nemo ƙaramin kart irin GT 710 ka ba Proxmox ya tashi da shi, 1060 ya zauna ba mai taɓa shi sai Windows, da haka maganar BOOTFB da romfile duk ta faɗi. Sai dai ka fara duba BIOS ɗinka ko yana bari ka zaɓi ramin da za a tashi da shi, na Gigabyte suna da Initial Display Output, wasu kuwa ramin sama kawai sunka sani.

Proxmox 7 kuma an daina ba shi gyaran tsaro tun Yulin 2024, na san forfe na da tsada amma in ka samu konekisiyo mai kyau ka yi ajiyar VM ɗinka a wani diski ka hau na gaba, kernel 6 ya hi iya sakin kart ɗin tashi da kanshi. Amma ba yanzu ba, ka gyara wanga tukuna, abu guda za ka riƙa canzawa kana gwadawa don ka san wanne ya yi aiki. In ya ƙi, ka turo min abin da cat /proc/cmdline ya nuna, da lspci -nnk na wurin NVIDIA, da konfig ɗin VM, da ƙarshen dmesg bayan ka tada ta, da hoton GPU-Z ɗin nan na Windows na kai tsaye.