Filin Lafiya: Yankan Wuƙa, Ƙusa da Reza

Tambaya: Da wuya mako ya wuce wuƙa ba ta ɗan yanke ni ba wajen yanka albasa ko fere doya. Nakan barbaɗa toka jinin ya tsaya. Da illa? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, fara da duba wuƙar. Dakusasshiya ta fi mai kaifi yankan mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi, nan take ta zame daga ɓawon albasa ta sauka kan yatsa. Ki wasa ta, ki koma yanka a kan katako maimakon tafin hannu, kuma kar ki bar ta cikin ruwan wanke-wanke inda kumfa zai ɓoye ta.

Toka kam ki daina. Haka ƙasa, fetur, man birki da man goge baki: datti suke turawa cikin nama, su ƙona fatar da za ta haɗe. Ki sa tsumma mai tsabta ki danne wurin minti 10 cur, hannu a ɗage sama da ƙirji, ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba, don leƙen ne ke warware gudan jinin da ya fara daskarewa. Idan tsumman ya jiƙe, ɗora wani a kai. Jini ya tsaya, sai ki kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 5, ki wanke kewayen da sabulu, ki shafa man basilin kaɗan, ki rufe da filasta. Ki sauya ta kullum, ko duk sanda ta jiƙe.

Asibiti ya zama dole idan jinin ya ƙi tsayawa, ko bakin yankan ya buɗe har ana hango kitse, ko yatsan ya mutu ko ya ƙi lanƙwasuwa. Ɗinki ya fi kamawa cikin awa 6 zuwa 8. Zugi, kumburi, mugunya, kaluluwa a hammata ko zazzaɓi bayan kwana 2 ko 3 na nufin ciwon ya harbu.

Tambaya: Ɗana ya taka ƙusa a garke, amma ba mai tsatsa ba ce, ko jini bai zuba sosai ba. (Wani manomi, Maraɗi)

Amsa: Malam, ku kai shi asibiti yau. Ba tsatsa ke kawo cutar sarƙe-haƙora ba; ƙwayarta cikin ƙasa da kashin dabbobi take, kuma rami mai zurfi da ɗan ƙaramin baki, inda iska ba ta shiga, shi ta fi so. Takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, muƙamuƙi ya riƙe, wuya ya sandare, sau da yawa bayan ciwon ya rufe kowa ya manta. Ku tafi da katin rigakafinsa. Idan allurarsa ta ƙarshe ta haura shekara 5, ko ba ku tuna ba, za a yi masa wata.

Tambaya: Ɗan ƙwarzanen reza wajen aski fa? (Wani ɗalibi, Kano)

Amsa: Ƙwarzanen zai warke, rezar ce abin tsoro. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B na rayuwa kwana 7 a busasshen jini, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Ka tafi da naka injin, ko ka sa mai aski ya ɓare sabuwar reza a gabanka.