Tabon Ruwa da na Zafi a Kan Kayan Katako: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Yara sun ajiye kofin zoɓo mai ƙanƙara a kan santa tebur ɗina, ya bar farin zobe. Na wanke da omo, ko gezau. Yaya zan yi? (Daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki daina wankin, ba dauɗa ba ce. Idan kafinta ya gama tebur yakan bi shi da man ƙyalli irin su banish. Gumin kofin ne ya ratsa wannan man ya maƙale a ciki, shi ya sa wurin ya yi fari. Katakon kansa lafiya lau yake, aikin kawai shi ne a fitar da danshin.

Ki fara barin teburin kwana 2 zuwa 3 a inda iska ke ratsawa. Da hunturu sabon tabo kan ɓace da kansa, amma da damina da wuya. In bai tafi ba, sai dutsen guga na lantarki. Ki zubar da ruwan cikinsa, ki kashe tururi, ki sa shi a zafi mafi ƙanƙanta. Ki ninka farin tsumman auduga busasshe gida biyu (tsohuwar singileti ta isa), ki shimfiɗa a kan tabon, ki goga na daƙiƙa 5 zuwa 10 ba tare da tsayar da hannu ba. Ɗaga ki duba, bari wurin ya huce, ki sake. Za ki ga zoben yana dusashewa kaɗan-kaɗan.

Gaggawa ce ke ɓata wannan aikin. Zafi in ya yi yawa man sai ya yi laushi, saƙar tsumman ta fito raɗau a jikin teburin, kuma wannan ya fi zoben wuyar gyara. Yadin leda narkewa yake ya manne. Dutsen gawayi kuwa ba mu ba ki shawararsa ba, don ba a iya saita zafinsa. In kina da na'urar busar da gashi ta fi aminci: tazarar santimita 15, matsakaicin zafi, kina kaɗa ta minti 5 zuwa 10.

Tabon da ya daɗe, a shafa masa basilin da kauri ya kwana, da safe a goge. Farin makilin da aka kwaɓa da bekin soda daidai wa daida shi ma yana yi, amma ki sani kankare saman man yake, yana iya rage ƙyalli. Ki bar shi a matakin ƙarshe, ki fara gwadawa a wurin da ido ba ya kaiwa, kuma kada gugar ta kai minti ɗaya.

Tambaya: An ɗora tukunya daga wuta a kan teburin cin abinci, wurin ya yi fari fat. An ce in sa dutsen guga. Ta yaya zafi zai gyara ɓarnar zafi? (Daga Maraɗi)

Amsa: Malam, ba zafin kaɗai ya yi ɓarnar ba. Ya sassauta man, tururin da ke ƙarƙashin tukunyar ya shige, da wurin ya huce ya rufe da danshin a ciki. Busasshen zafi marar yawa yana sake buɗe masa hanya ya fita. Ka bi matakan da ke sama.

Amma shafa wurin da yatsa tukuna. In ya yi kaushi, ko ya yi bororo, ko ya koma ruwan ƙasa kamar yadda kaskon turaren wuta ke yi wa dirowa, to ƙuna ce, guga ba za ta yi komai ba. Sai an kankare da samfefa mai lamba 150, a bi da 220, ana bin tsawon jijiyar katakon, kada a gitta. A sake man a saman teburin gaba ɗaya. Faci ko na gwani ne yakan nuna.

Tambaya: Gwangwanin fure ya bar baƙin zobe a teburina na maɗaci. Basilin bai yi ba. (Daga Kumasi)

Amsa: Ba zai yi ba, 'yar'uwa, domin baƙin tabo a cikin katakon yake. Ruwa ya wuce man, ya kwaso ƙarfen gwangwanin, ya haɗu da wani sinadari na itacen mai suna tanin, suka yi baƙi. Ruwan bilicin wanki ba ya cire irin wannan yadda ya kamata, sai dai ya koɗar da launin wurin.

Maganinsa ogzalik asid, farin gari ne da ake samu wajen masu sayar da sinadarai. A kankare man saman duka. A narka babban cokali 2 a rabin litar ruwan zafi cikin roba, ba kwanon ƙarfe ba. A shafe saman teburin baki ɗaya da buroshi, don in zoben kaɗai aka bi wurin zai fi sauran haske. A bari ya bushe, a maimaita sau 2 ko 3. Sannan a goge da ruwa mai tsabta sau da yawa, a bi da ruwan bekin soda, cokali 1 a lita, don kashe kaifin asid ɗin. Sai ya yi aƙalla awa 24 yana bushewa kafin samfefa da sabon mai. Asid ɗin guba ne: a sa safar hannu, tabarau, takunkumi lokacin samfefa, kuma nesa da yara. Kada soson ƙarfe ya taɓa wurin, ɓurɓushinsa zai haifar da sababbin ɗigon baƙi.

Tambaya: Gefen madubin kayan ɗakina ya kumbura inda ruwa ya zuba. Guga za ta mayar da shi? (Daga Katsina)

Amsa: A'a, amarya. Leƙa bayansa: in kin ga gefen ba jijiya, sai dusar katako da aka matse, to MDF ne, kamar yawancin kayan ɗakin yanzu. In ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, zafi kuma ɗaga takardar saman zai yi. Bari ya bushe sarai, kafinta ya rage tudun ya cike ya rufe gefen. In kumburin ya yi faɗi, canza wannan falankin ya fi sauƙi.