Lagireto na hannu: a gwada shi cikin ruwa kafin a biya kuɗi

Tambaya: Salamu alaikum. Ina jigilar fasinja tsakanin Jega da Birnin Kebbi da Toyota Corolla mai giyar otomatik. Tun shigowar bazara motar ke ɗaukar zafi, kullum sai na ƙara ruwa. Bakanike ya ce in sauya lagireto, sabo kuwa ya fi ƙarfina. Shin na hannu zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yi, amma a fara tabbatar da cewa lagireton ne mai laifi.

Ruwa ne ke zagaya cikin inji yana kwaso zafi. Famfon ruwa ya tura shi ta tiyon sama zuwa lagireto, ya bi ta cikin siraran bututu, iskar hanya ko ta fanka ta huce shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Inji yana aiki ne a wajen digiri 90, ruwa kuwa yana tafasa a 100. Murfin lagireto ne ke riƙe iska ya hana shi tafasa sai ya kusa 120. Idan robar murfin nan ta mutu, ruwa zai riƙa tsiyayewa alhali lagireto lafiyarsa ƙalau. Saboda haka a duba murfi da tiyo da fanka tukuna. In kuma ruwan na ɓulɓulo da kumfa inji na aiki, ko baƙin mai ya koma kalar madara, to gasket ɗin kan inji ne ya lalace, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sabon lagireto ba zai raba ka da zafi ba.

Idan ta tabbata sai an saya, ko a nan gida, ko an aiko maka daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kada ka yarda da kallo kawai. A toshe bakunansa, a hura masa iska, a tsoma shi cikin baho. Inda ya huje za ka ga kumfa na tashi. Sannan a ɗura ruwa ta sama a ga ko yana fita ta ƙasa da ƙarfi. Ka dubi inda tankin roba ya haɗu da alminiyam, nan ne tsohon lagireto ya fi tsagewa. Wanda aka liƙe da gam, ko aka feshe da baƙin fenti, ni dai ba na saya. Mai kaya ya ƙi gwaji? Ka wuce gaba.

Tunda taka otomatik ce, lagiretonta na da ƙananan bakuna 2 na man giya. Na mota mai giyar hannu ba zai yi maka ba. Su ma a gwada su, domin in suka huje daga ciki ruwa zai shiga giya, hasarar kuwa ta fi kuɗin sabon lagireto nesa ba kusa ba. Ka tafi da tsohon a gwada tsawo da faɗi da mazaunin tiyo.

Bayan an ɗaura, a rabu da ruwan rijiya da na burtsatse, su ke tara tsatsa da ƙasa-ƙasa a bututu. A zuba ruwan sanyaya inji na kanti. Ƙwai ko garin da wasu ke zubawa don toshe huji, har da bututun kirki yake toshewa. Ƙurar da ke cushe gaban lagireto a wanke ta lokaci-lokaci, musamman a Maris da Afrilu da zafin Kebbi kan haura digiri 40. Kuma kada a buɗe murfi inji na da zafi, ruwan yana saɓule fata.