Kwali Biyu a Bayan Mota: Amsa Ga Mai Shirin Zagaya Andalus da Iyali

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, gidana a Aboabo. Ƙanena ya daɗe a Malaga ta ƙasar Sifen, ya auri 'yar can, Kirista ce, suna zaman lafiya. Bana ya gayyace mu hutun Agusta, ni da mai ɗakina da yaranmu biyu, mace mai shekara 12 da namiji mai 9. Shirinsa mu ɗauki hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gadaje da murhu da banɗaki, mu yi kwana goma muna zagaya biranen Andalus, wato kudancin Sifen: Garnaɗa da Ƙurɗuba da Ishbiliya, mu biyo ta Heres, yankin gonakin inabin da ake giya da shi, mu dawo. Mu bakwai ne har da mahaifin matar tasa, dattijo mai kirki wanda ya taimaka mana sosai wajen takardu. Tunda motar kamar gida ce, za mu yi ƙasaru? Kuma ratsa yankin giya ya ɓata tafiyar? Akwai wata gonar inabi da za a bar mu mu kwana kyauta. Dattijon zai sayi kwali biyu na giyar Heres ya sa a bayan mota, ni da ƙanena muke karɓa-karɓar tuƙi, amma wani abokina da ya yi karatu a Turkiyya ya ce Imamu Abu Hanifa ya halatta haka, don haka wannan bai dame ni ba.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya tun kafin a biya kuɗin mota. Sai dai ka bar jaki kana dukan taiki. Abubuwa biyun da ka sa alamar tambaya a kansu masu sauƙi ne. Wanda ka jefa a ƙarshen wasiƙa ka ce bai dame ka ba, shi ne wanda ya dame ni.

Bari mu sallami masu sauƙin. Za ku yi ƙasaru. Shehu Halilu ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa matafiyi yana ƙasaru ko da matuƙin jirgin ruwa ne da iyalinsa a cikin jirgin, to ina ga motar haya ta kwana goma? Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro da tukwanensu da tabarmansu suke tafiya, inda dare ya yi nan gida, kuma daga saukarsu ne unguwanninmu suka samo sunan zango. Ɗaukar shimfiɗa bai taɓa mai da matafiyi mazauni ba. Nisan da ake nema mil 48 ne, wajen kilomita 80 da 'yan kai, kuma daga Malaga zuwa Garnaɗa kaɗai ya haura 120. Idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya, ku cika salla. Haka za ku cika a gidan ƙanenka idan kwanakinku can sun kai huɗu, ƙasarun ya fara bayan kun bar gari. Tafiyarku kuma ba ta saɓo ba ce, ba ta wargi ba: zumunci ne da duba kufan magabata. Wucewa ta gonar inabi kuwa, ai inabi halal ne, ku saya ku ci. Mai ratsa ƙauyen da ake dafa giyar akpeteshi a hanyarsa ta zuwa Akra babu wanda ya ce tafiyarsa ta ɓaci.

Yanzu kwalayen nan. Hadisin da aka la'anci mutum goma saboda giya ka san shi tun kana makarantar allo, ba sai na karanto maka ba. Abin da nake so ka lura da shi, a cikin goman an ambaci mai ɗaukarta daban da mai shanta. Wanda ke riƙe da sitiyari, ya san abin da ke bayan mota, ya san inda za a kai shi da abin da za a yi da shi, shi ne mai ɗauka. Da dattijon ne ya ɓoye kwalba cikin jakarsa ba ku sani ba, babu komai a kanku. Da motar haya ce ta kowa da kowa kai fasinja ne, haka nan. Amma mota taku ce, tuƙi naku ne, an kuma gaya muku tun da wuri. Ba ya halatta gare ka, ba ya halatta ga ƙanenka.

Abokinka bai yi ƙarya ba. An ruwaito daga Imamu Abu Hanifa, Allah ya yi masa rahama, cewa wanda ya ɗaukar wa kafirin amana giya, ladan ɗaukar ya halatta gare shi. Hujjarsa ita ce saɓon yana cikin sha, sha kuwa aikin wani ne da ya zaɓa da kansa, kuma ba dole ba ne duk giyar da aka ɗauka a shanye ta: tana yiwuwa zubarwa za a yi, ko a mai da ita khal, wato ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci. Hadisin kuma mabiyansa suka ce yana magana ne kan ɗaukar da aka yi da nufin saɓo. Wannan ita ce maganar da adalcinta, ban rage mata komai ba.

To amma abokin naka rabin shafi ya karanta maka. A wurin da aka kawo wannan ra'ayi, a nan aka kawo cewa manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu ɗan Hasan, sun saɓa masa, sun ce taimako ne a kan saɓo, suka kafa hujja da wannan hadisi. Waɗannan su suka zauna gabansa shekaru, su suka yaɗa mazhabarsa, ba su bi shi a nan ba. Malik da Shafi'i ma ba su halatta irin wannan ƙodago ba.

Sannan ka dubi hujjar kanta ka gwada ta da motarku. An ce wataƙila zubarwa za a yi. Alhaji, tsakaninka da Allah, mutum zai je har Heres ya zaɓi giyar da ta yi shekaru a cikin ganga, ya biya kuɗinsa, don ya zubar a kwata? Ita wataƙilar da aka gina ra'ayin a kanta babu ita a nan. Ko a bisa fassarar da su kansu suka yi wa hadisin, mai ɗaukar da ya san ta sha ce yana bakin rami. Kuma in aka ce laifi na mai sha ne shi kaɗai saboda shi ya zaɓa, me za a yi da mai matsa inabin da mai sayarwa? Su ma ba su sha ba, wani ne ya sha da zaɓinsa, amma an ambace su. In wannan hujja ta wanke mai ɗauka, ta wanke tara daga cikin goma, hadisin ya koma ba shi da aiki. Magana ba ta yiwuwa a fassara ta da abin da zai rushe ta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Mas'alar da malaman suka tattauna ta ɗan dako ce: talaka ya yi aiki, an miƙo masa lada, ya ci ko kada ya ci? Irin tambayar da wani yaro mai tuƙa aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ya taɓa kawo mini, an ɗora masa jarkoki a tasha, sai da ya isa ya ji warin giya. Shi ma na ce kada ya ƙara, alhali abincinsa na ranar ke nan. Kai kuwa hutu za ka, babu yunwa, babu tilas. Kuma kai ba Bahanife ba ne. Alwalarka ta Malikiyya ce, ƙasarun da ka tambaya da ma'aunin Malikiyya na amsa maka. Mutum ya zauna shekara hamsin bai taɓa leƙa wata mazhaba ba sai ranar da ya ji kunyar surukin ƙanensa, wannan ba bin Abu Hanifa ba ne, neman mafaka ne.

Na ce kunya, don na san ita ce ainihin damuwarka ko ba ka rubuta ba. Mutumin ya yi maka alheri, kana jin nauyin ka ce masa a'a. Wannan hali ne mai kyau, kada ka jefar da shi. Allah bai hana ka kyautata wa wanda bai yaƙe ka a addini ba, kuma ba a ɗora maka hana dattijon shan abinsa a ƙasarsa ba. Abin da aka ɗora maka hannunka ne da kuɗinka da teburinka. Mafita kuma tana kusa: dattijon ya biyo ku da ƙaramar motarsa, kayansa a wurinsa, ko ya sa masu sayarwa su aika masa gida da kansa. Ƙanenka ne zai faɗa, ba kai ba, kuma yanzu, tun ran gini ran zane. Mafi munin abu shi ne a yi shiru har a isa ƙofar kamfanin giya, kwali na hannun tsoho, sannan a fara "ai addininmu" a gaban 'yarsa. Wannan tozarci ne, kuma kai za ka koma Kumasi ka bar ƙanenka da gyaran abin da ya fashe. Ka tafi wa dattijon da tsaraba mai daraja, kente ko riga mai aiki, ka gaishe shi irin gaisuwar da muke wa manya.

Mota ta biyu za ta warware wata matsalar da ba ka tambaya ba. Mutum bakwai a ɗaki ɗaya mai taya, gado na kallon gado, labule ne kawai tsakani. Mai ɗakinka ba muharramar ƙanenka ba ce, ba ta dattijon ba ce, kai ma matar ƙanenka ba muharramarka ba ce. Ka yi tunanin baiwar Allah nan kwana goma da mayafi dare da rana, a watan da zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya ke haura digiri 40, tana jiran maza su fita kafin ta shiga banɗakin da bai fi faɗin tabarma ba. Ka tambaye ta ita ma, ba a gabansu ba. 'Yarka ta wuce shekara goma, shimfiɗarta daban da ta ƙanenta. Shawarata motar kwana ta zama ta iyali ɗaya, ɗaya iyalin su kama ɗaki a sansanin masu yawon buɗe ido da kuka sauka. Kuma irin motar da lasin na gama-gari ke tuƙawa iyakar nauyinta kilo 3,500 ne har da mutane da ruwa da kaya, mutum bakwai da akwatunanmu na zango ba wuya sun haura.

Gonar da za a kwana kyauta: kwana a fili ba haram ba ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mai gona yana buɗe ƙofa ne da fatan baƙo zai ɗanɗana ya saya, kuma na san mutumin zango, ba ya iya kwana gidan mutum ya tashi bai taɓa hajarsa ba. In yana sayar da inabi ko man zaitun ko khal, saya ka fita kunya; khal ɗin Heres sananne ne, kuma giyar da ta riga ta zama khal halal ce. In giya kaɗai gare shi, ku biya kuɗin sansani ku huta. Zagayen cikin rumbunan giya da ake sayar wa tikiti, wanda ake rufewa da ɗanɗano, kada ka shiga, kada yaranka su shiga. In kuna da asusun tafiya na haɗaka, kada a fitar da kuɗin giya ko tikitinta daga ciki. In an zauna cin abinci dattijon ya buɗe kwalba, ka tashi cikin ladabi ka koma wani tebur. Gara ma ku riƙa dafa naku tunda murhu na mota, don girkin yankin ba ya rabo da naman alade da kitsensa, wani kuma da giyar ake dafa shi.

Farilla kada a yi ta mota na tafiya, a tsaya a sauka. Kuna da damar haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Lisha. Rana a can takan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba a farkon Agusta, kada ka bi agogon Aboabo. Alƙibla a nan gabas ce ta karkata arewa, a can gabas ce ta ɗan karkata kudu. Tankin banɗaki najasa ce a rufe, ba ta hana salla a cikin mota idan tana tsaye kuma wurin na da tsarki, amma wanda ya je zubar da shi ya duba tufarsa. Bizar da aka ba ka alkawari ce, ranar da ta ce ka fita, ka fita.

A Ƙurɗuba za ka shiga masallacin da sarkin Andalus Abdurrahman Addakhil ya fara ginawa wajen 785, wanda ya koma coci bayan Kiristoci sun ci garin a 1236. Masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki, kada ka ja da su don a ɗauki bidiyo. Ka riƙe hannun ɗanka ka gaya masa cewa Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kumasi ruwayar mutumin wannan gari ce, Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, wanda ya rasu a 234 bayan Hijira. A Ishbiliya hasumiyar masallacin da sarakunan Muwahhidai suka gama a 1198 tana nan tsaye, ƙararrawa ce a samanta yanzu. A Garnaɗa, wadda aka miƙa wa sarakunan Kirista a 1492, bangon fadar Alhamra cike yake da "Wa la galiba illallah", 'yarka za ta iya karantawa da kanta. Tikitin shiga a saye shi tun kuna nan, don yakan ƙare. A unguwar Albaisin da ke fuskantar fadar akwai masallacin da aka buɗe a 2003. Ku daidaita kwanakinku Juma'a ta same ku a can, ko da yake ba ta wajaba a kan matafiyi ba.

Wallahu a'alam.