Saura mako 6 in tafi Malesiya: yaya zan ba Inna da iyalina haƙƙinsu?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Sakkwato ne. Na samu gurbin karatun digiri na uku a Malesiya na tsawon shekara 3, kuma saura mako 6 in tashi. Mahaifiyata tana Gwadabawa, matata da 'ya'yana biyu suna cikin gari, ga zirga-zirgar takardu zuwa Abuja tana cinye mini kwanaki. Har yanzu ban faɗa wa Inna ranar tafiyar ba, don ina tsoron kukanta. Yaya zan yi?

Amsa: Allah Ya sanya albarka a wannan karatu, ɗan'uwa. Ka fara da abin da kake gudu, wato ka je Gwadabawa cikin makon nan ka faɗa wa Inna ranar da bakinka. Na san mutanenmu suna ɓoye ranar tafiya saboda tsoron baki, kuma ban hana ka ɓoye wa na waje ba, amma uwa ba ta cikin waɗanda ake ɓoye wa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya zo yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan hijira, ya baro iyayensa suna kuka, sai aka umarce shi ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Idan ta ji tun yanzu, za ta yi kukanta kana kusa, ta huce, ta sa maka albarka da zuciya ɗaya. Idan kuwa ana jibi tafiya ta ji, za ka bar ta da damuwar da babu mai rarrashinta.

Kuskuren da na fi gani shi ne matafiyi ya ƙarar da makonninsa yana zagayen bankwana gida-gida, sai ya zama wadda ta fi kowa haƙƙi ta samu gaisuwar tsaye kawai. Baffanni da gwaggonni kwana biyu sun ishe su. Inna kuwa kwana take buƙata. Ka kwana a gidan aƙalla dare uku, ka zauna kan tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i tana dama maka fura, ka bar ta ta maimaita labaran da ka sha ji, wayarka tana aljihu. Ka nemi gafararta a keɓe, domin akwai maganar da uwa ba ta yi a gaban jama'a.

A wannan zaman ne za ka koya mata amsa kiran bidiyo ta WhatsApp, ko ka ɗora wa wani ƙanenka wannan aiki. Malesiya tana gabanmu da awa 7, saboda haka ƙarfe 8 na dare a Gwadabawa ƙarfe 3 na dare ne a can. Lokacin da ya dace da ku shi ne bayan sallar asuba, sa'ad da take kan sallaya tana lazimi, kai kuma rana ta take a wurinka.

Maiɗakinka kuma hankalinta zai kwanta ne idan ta ga tsari: kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, da wanda za ta nema idan rashin lafiya ta taso da dare. Ka rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Yaran ka kai su makaranta da kanka a kwanakin da suka rage, kuma kada ka sulale suna barci ranar tafiya.

Takardun Abuja ka yi ƙoƙari ka kammala su kafin makon ƙarshe, ka bar wannan mako ga gida kaɗai. Idan za ka fita, ka roƙi Inna ta yi maka addu'ar matafiyi da Annabi (SAW) ya koyar, wadda ake damƙa wa Allah addinin mai tafiya da amanarsa da ƙarshen ayyukansa.